Inda Karen Shago Yake Zuwa Ran Alhamis

Duk wanda ya san Baturiya matar Shago ya san mace ce da ba ta tambayar abu sau biyu. In maigida ya ce nan ne gabas, to nan ne, sai ta ɗaure zaninta ta nufi can, ko da kowa yana kallon rana tana faɗuwa ta wajen. Da wannan hali ta yi aure, da shi ta yi furfura, kuma da ba don wani tsohon baƙin kare ba, da shi za a kai ta makwancinta hankali kwance. Karen ne ya zo ya dagula mata tunani a lokacin da ya kamata a ce ta zauna ta huta.

A wani ƙauye aka haife ta tsakanin Shanono da Watari, cikin ƙasar nan da gona ke manne da gona, sai ka dubi layin gamba kafin ka san inda ta wani ta ƙare. Jajur aka haife ta, kakarta ta leƙa ta ce yau kuma Baturiya aka yi mana. Kafin a yaye ta ta koma kalar kowa, amma suna ya riga ya zauna. Iyayenta Maguzawa ne na sosai, masu noma kamar ba gobe, masu giya a randa da tsafi a bayan rumbu. Tana 'yar budurwa uwarta ta rasu, ta bar mata ƙane ɗan yaye mai suna Nomau. Ita ta goya shi har bayanta ya yi kanta, ita ta koya masa riƙon fartanya, in ya saci gyaɗa ita ke cewa ita ta sata a doke ta. Ba ta da wani ɗan'uwa ciki ɗaya sai shi.

Shago kuwa, wanda ya aure ta, gajere ne mai faɗin ƙirji, manomi da damina, mafarauci da rani. Fushinsa kusa yake, dariyarsa ma haka. Tun yana saurayi bai taɓa zama ba kare ba, kuma in za a faɗi gaskiya, hirar da yake yi da karnukansa ta fi wadda yake yi da mutane tsawo. Baturiya ba ta damu ba. Rumbu a cike, ba ya duka, in ya kamo zomo ita ake ba cinya. Ita ma ba zaune take ba. Da damina tana gonar gida da safe, da yamma tana 'yar gayaunarta ta kuɓewa da gyaɗa, da rani kuma ta dafa kalwa ta yi daddawar da har daga Kunci ake aikowa a saya. 'Ya'ya suka zo, wasu suka tsaya, wasu suka koma. Rayuwa dai irin ta kowa.

Nomau ya girma ya tafi ci-rani birni, ya dawo da farar riga da buta da sabon suna, Mika'ilu. Ya yi karatu a wajen wani malami, ya auri 'yarsa Sauda, suka zauna kusa da Watari inda dam ya kawo noman rani, yana shuka albasa yana koya wa yaran unguwa karatun allo. Wannan ma bai dami Baturiya ba. A wajenta riga ce ya sake, wanda ke ciki dai Nomau ne.

Abin ya lalace ne ranar sunan autarta. An taru ana ci ana sha, Mika'ilu ya zo da kyautarsa ya zauna gefe a kan buzu, da ƙwaryar furar da ya taho da ita, don ba ya cin yankan gidan. A lokacin Shago yana da wata jar karya mai gudun tsiya, wadda ba ya haɗa ta da komai. Ta zagayo ta tsoma baki cikin furar. Sabon shiga addini, jini yana tafasa, ga mutane suna dariya. Mika'ilu ya rarumi taɓarya ya sauke mata a gadon baya, ba ta ƙara tashi ba. Shago, wanda tun safe yake bakin randa, ya ɗauki gatari ya ɗaga sama a gaban kowa, ya rantse da aradu cewa duk ɗan gidansa da ya ƙara taka ƙofar Nomau, mace ko namiji, aradu ta raba shi biyu. Baturiya tana ɗakin jego da jaririya a cinya, ta ji komai.

A wajen mutanenta rantsuwa da aradu ba abin wasa ba ce. Ba ta yi gardama ba, ba ta roƙa ba, ta haɗiye. Bayan wasu shekaru bishara ta shigo ƙauyen, gidan Shago duka suka shiga coci, aka yi musu baftisma, randunan giya suka koma na ruwa, auta ta zama Jemima. Fasto ya faɗa a wa'azi cewa tsofaffin rantsuwoyi sun wanke. Baturiya takan yarda da wannan ran Lahadi. Amma da hadari ya haɗo daga gabas ya fara cida, sai ta ga gara dai a bar abin yadda yake. Balle wanda ya yi rantsuwar bai taɓa buɗe baki ya ce ya janye ba, ita kuma ba ta tambaya.

A kasuwa take jin labarin ƙanenta, a bakin mata masu sayar da kuka da barkono. An yi masa haihuwa, an sake yi, ya aurar, Sauda ta kwanta ciwo, Sauda ta rasu. Kowanne ta ji sai ta dawo gida ta zaga bayan rumbu, ta yi kukanta, ta wanke fuska ta ɗora tuwo. In mata suka tsokane ta da maganar a gaban Shago, sai ta ɗaga murya ta ce, “Ni ba ni da wani ƙane. Wanda na goya ya mutu tuntuni.” Don maigida ya ji take faɗa, ya san matarsa tana bayansa. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sosa wa kare kunne. Ita a ganinta daɗi ne ya ji.

Bara, bayan an gama kai dawa gida, ciwon ƙirjin da ya daɗe yana damun Shago ya kwantar da shi, bai jima ba ya cika. Ya bar mata 'ya'ya da jikoki da gonaki, ya kuma bar Duna, karensa na ƙarshe, baƙi wuluk in ban da furfurar baki, kunnensa ɗaya a yage, shi ma tsufa ya kama shi. Duna ya ƙi abinci, ya kwanta a ƙofar ɗakin Shago ya ɗora haɓa a ƙasa. Duk mai zuwa gaisuwa sai ya dube shi ya girgiza kai. Sai da aka share makoki ya fara lasar abin da aka zuba masa.

A nan Jemima ta shigo maganar. Malamar makaranta ce a Shanono, tana koyar da ilimin halittu, kuma tana da wani shafi a waya inda take rubuta labarin dabbobi da Hausa: me ya sa jemage ke rataya kai a ƙasa, yadda tururuwa ke gane hanyar gida, ko da gaske ne hawainiya don ɓuya kawai take sake launi. Takan karanto binciken masana ta juye shi yadda ɗan kasuwa zai fahimta, kuma mutane suna karantawa, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba. Baturiya tana alfahari da ita, ko da yake har yau ba ta gane yadda mutum zai yi shekara da shekaru a makaranta ya ƙare a kan tururuwa ba.

Jemima ce ta lura cewa duk ran Alhamis Duna yakan tashi da sassafe ya fice, sai la'asar ya dawo. Ta ce ai kabarin Baba yake zuwa. Ta rubuta labari mai taɓa zuciya a kan amanar kare, ta ja Duna zuwa maƙabartar coci ta ɗauke shi hoto. Sai da ta ajiye masa ƙashi a gefen kabarin kafin ya yarda ya kwanta, amma wannan bai shiga labarin ba. Mutane suka yi ta yabawa, wasu suka ce har hawaye sun yi. Baturiya ma da aka karanta mata ta share ido, ta ƙara wa Duna tuwo.

Hure ce ta ɓata labarin. Bafulatana ce mai tallar nono da ta fara zaga ƙauyukan nan bana, ba ta san wa ke gaba da wa ba. Wata Juma'a tana auna wa Baturiya nono ta ce, “Inna, jiya na ga baƙin karenku a wajen Watari. Yana kwance abinsa a gindin darbejiya, ƙofar Malam Mika'ilu.”

“Ba namu ba ne,” in ji Baturiya.

“Mai yagaggen kunnen nan? Ai duk Alhamis sai na gan shi.” Hure ta ɗora ƙwaryarta a ka ta yi gaba, ba ta san abin da ta tayar ba.

Kafin Lahadi magana ta zaga. 'Yan zumuntar matan coci suka samu abin tsokana, suna cewa karen Shago ya musulunta, saura a saya masa buta. Fasto ya ce kare dai kare ne, wataƙila wata karya ce a unguwar. Baturiya ta dubi Duna, wanda tashi tsaye ma sai ya yi shawara, ta ga wannan bayani bai zauna ba. Sai wani tsoho mai suna Abel, abokin farautar Shago, wanda ya shiga coci da ƙafa ɗaya ya bar ɗayar a waje, ya ce kurwar mamaci ce ke jan karen, ta kai shi ya tsare ƙofar mai laifi har ranar da rantsuwa za ta faɗa masa. Yana faɗa yana kallon gefe, bai yarda sun haɗa ido ba. Wannan ta fi tayar mata da hankali. Ita aka hana zuwa, me zai kai aradu kan Nomau?

Da Jemima ta zo ƙarshen mako, uwar ta zaunar da ita a tabarma, ta tura mata ƙwaryar gyaɗa su ɓare tare.

“Auta, ke da kike karanta cikin dabbobi, gaya mini. Me ke kai kare gidan da ba nasu ba?”

Jemima, wadda kunyar hoton kabari ba ta sake ta ba, ta buɗe waya. Ta ce masana sun ce hancin kare ya fi na mutum nesa ba kusa ba, yana iya tsintar ƙanshin ubangidansa a wurin da ya jima da bari. Ta ce wasu sun auna sun ga in kare da mai shi suka kalli juna, akwai wani sinadari da ke ƙaruwa a jikinsu, irin wanda ke tsakanin uwa da jariri. Ta ce wasu kuma sun ce a daina yaudarar kai, kare inda ya saba samun abinci yake komawa.

“To wanne ne? Ƙauna ce ko tuwo?”

“Inna, ba su gama yarda da juna ba. Har yanzu bincike ake yi.”

“Su ma ba su sani ba ke nan. Kamar Fasto. To su masanan naki sun ce kare ya san Alhamis? Kalanda yake dubawa?”

“Ba Alhamis ya sani ba. Ina jin ƙararrawar addu'ar Laraba da yamma ya riƙe. In ta buga, ya san washegari akwai tafiya.” Jemima ta kife wayar a cinya, muryarta ta yi ƙasa. “Inna, wannan kam ba sai masana ba. Tsohon kare ba ya ƙirƙiro sabuwar hanya haka kawai. In kika ga yana zuwa wuri ɗaya a rana ɗaya, to an saba kai shi ne. Kuma Duna bai taɓa bin kowa ba sai Baba.”

“Rufe mini baki. Ubanki ya ɗaga gatari a gaban mutane, kina cinyata.”

Jemima ta rufe, amma maganar ta riga ta shiga, Baturiya ta yini tana juya ta. Gaskiya ne, ran Alhamis Shago ke cewa zai zaga daji. Wane daji? Ko'ina ya zama gona, zomo ma sai a labari. Amma shekara da shekaru yana rataya gora ya kira kare su fita, ya dawo da albasa ko tumatir a buhu, ya ce wani mai lambu ne ya ba shi. Ita kuma ta karɓa ta yanka a miya. Ran Alhamis ne kuma makarantar allo ba ta zama, malami yana da sararin karɓar baƙo. Da tunaninta ya kai nan sai ta ture shi, ta ce aikin shaiɗan ne. In Shago yana zuwa, me ya hana aradu? In aradu ba ta komai, me ta zauna tana tsoro? In kuwa ya je ya dawo lafiya, ya zauna a gabanta ya ci tuwonta, ya ji tana cewa ƙanenta ya mutu bai ce mata uffan ba, to wane ne ta aura? Ta fi son bayanin Abel duk da muninsa. A cikinsa aƙalla mijinta yana nan yadda ta san shi.

Alhamis ta gaba ta ɗaure Duna a turken akuya. Ya yi ta kuka, ba haushi ba, wani siririn kuka kamar na yaro mai zazzaɓi, har maƙwabta suka leƙo ta kan zana. Ya ja igiya har gashin wuyansa ya goge. Da azahar ta kwance shi don ta huta. Ya tsaya a ƙofar gida ya dubi hanya, ya dawo ya kwanta, bai taɓa abinci ba. Ita ma ba ta ci ba. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta kuma ji wani abu mai kama da hassada, wai kare yana da inda zai je ita ba ta da shi.

Da wata Alhamis ɗin ta zagayo ba ta gaya wa kowa ba. Ta yafa mayafin zuwa coci, da Duna ya fita ta bi bayansa. A ranta cewa take daga nesa za ta tsaya, ta gani da idonta ta juyo. Tsoho da tsohuwa, tafiyarsu ta zo daidai. Lokacin bazara ne, an yi sharar gonaki ana jiran ruwa, gabas ta ɗan yi duhu, Baturiya tana tafe tana satar kallonta. Duna bai bi titi ba. Ya bi ta bayan gidaje, ta kan iyakokin gonaki, ta cikin wani busasshen rafi, hanyar wanda ba ya so a gan shi. A gindin wata kuka ya tsaya ya zauna ba dalili, ya jira kaɗan, sannan ya tashi. Baturiya ta gane wurin hutawar mai ciwon ƙirji ne. Daga nan ƙasa ta fara yin kore, ga hanyoyin ruwan dam, ga ƙanshin albasa.

Gidan na ƙasa ne, da zaure da darbejiya a gaba, alluna jingine a bango. A gindin bishiyar akwai wani tsohon kasko cike da ruwa. Duna ya sha, ya juya ya kwanta a wani ɗan kwari da jikinsa ya riga ya sani. A kan buzu, jingine da bango, ga wani tsoho siriri mai farin gemu, ƙafarsa ɗaya a miƙe a kumbure. Baturiya ta tsaya tana neman Nomau a fuskarsa. Ubansu ta gani.

“Ka zo?” in ji tsohon, da kare yake. “Makon jiya ina ka shiga? Har na ce ko kai ma ka bi shi.” Sai ya ɗaga kai ya ga mace tsaye a rana. Ya sa hannu ya kare ido, carbin da yake ja ya faɗi a kan buzu.

“Yaya?”

Rabon da a kira ta da wannan suna tun ranar sunan auta. Ta matso, amma ta tsaya inda inuwar bishiya ta ƙare. Duk gaisuwar da ta iya ta gudu daga bakinta.

“Nomau, karen nan me yake yi a nan?”

“Nan ne wurinsa. Uwarsa ma nan take kwanciya, da uwar uwarsa. Kaskon nan tun na farkonsu ne.”

Uwar uwar Duna! Baturiya ta tuna ta sarai, wata mai farin wuya, lokacin Jemima tana firamare. Ta nemi wuri ta zauna a ƙasa, ba ta ko duba inda ta zauna ba.

Mika'ilu ya ba ta labari yana kallon hannuwansa. Shi ne ya fara zuwa. Ya tare Shago a gona, ya durƙusa ya ce ya yi zalunci, karatun da ya ƙara ya nuna masa ba addini ne ya sa shi dukan dabba ba, zafin kai ne. Ya miƙa masa 'yar kwikwiya mai farin wuya, Shago ya karɓa ya ci gaba da aikinsa. Bayan sun shiga coci sai ga Shago wata Alhamis. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon sama, ya taka ƙofar da ƙafa ɗaya, ya jira. Ba abin da ya faɗo. Tun daga ranar bai fasa zuwa ba. Sukan zauna su yi gardamar addini da ta taki, kowa da ƙwaryarsa. Ranar da aka binne Sauda ma yana nan, a bayan mutane.

“Ni fa?” in ji Baturiya. “Ni ba mutum ba ce? Ba wanda ya ce a kira ni?”

“Na roƙe shi, Yaya. Ba shekarar da ban roƙe shi ba. Ya ce ke ce ba ki huce ba. Ya ce da kunnensa yake ji kina cewa wanda kika goya ya mutu. Ya ce in bari ya lallaɓa ki, bayan girbi zai kawo ki. Kowace shekara bayan girbi.”

“Don shi nake faɗa!” Muryarta ta fashe har kajin da ke kiwo a wurin suka watse. “Don ya ji daɗi nake faɗa! Shi ya rantse, ni na riƙe masa!”

Mika'ilu ya tsinci carbinsa daga kan buzu. Ita kuwa ta rasa inda za ta ajiye abin. Ko Shago da gaske ya ɗauka ta tsani ƙanenta, yana tsoron ta raina shi in ta ji ya karya rantsuwa? Ko kunya ce irin ta mazan da ba sa iya ce wa mace na yi kuskure, yau ta zama gobe har aka tsufa? Ko kuwa daɗin Alhamis ɗinsa ne ba ya so a raba da kowa? Abel ya sani? Duk ƙauyen sun sani, ita kaɗai aka bari tana yanka albasar ƙanenta a miya? Wanda zai amsa yana ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ga komai kuma yana kwance yana korar ƙuda da kunne. Ta so ta zagi mamaci, sai ta tuna shi ne ya riƙe mata ƙane duk shekarun nan. Ta so ta gode masa, ta kasa.

“Da ya mutu me ya hana ka zuwa gaisuwa?”

“Ƙafar nan, da tsoronki. Na ji a bakin mutane ban yarda ba, sai ranar da na ga Duna ya zo shi kaɗai, ya kwanta bai sha ruwa ba. A nan muka yi zaman makokinmu, ni da shi.”

Jin hayaniya, wata mata ta leƙo daga zaure da goyo a baya. Mika'ilu ya share fuska da hannun riga ya ce, “Tahira, zo ki gaida gwaggonki.”

Matar ta tsaya kamar ba ta ji daidai ba, sannan ta taho da sauri ta durƙusa har ƙasa, ta riƙe hannun Baturiya da hannu biyu. “Gwaggo Baturiya? Yau Allah Ya yi! Sannu da hanya, Gwaggo. Ya gwiwar? Tun muna yara Baba Shago yake ce mana ciwon gwiwa ne ya hana ki zuwa. Inna kafin ta rasu ba irin maganin shafawar da ba ta ba shi ya kai miki ba. Kuma da ƙafa kika zo?”

Baturiya ba ta taɓa ciwon gwiwa ba tun da aka haife ta. Ta dubi Mika'ilu, ya sunkuyar da kai. Ta dubi 'yar ƙanenta, mace har da goyo, wadda ta girma tana tausayin wata gwaggo da ba ta taɓa ƙin su ba. Kalma ɗaya za ta faɗa Baba Shago ya zama maƙaryaci a gidan nan, ita kuma ta zama wadda ta yi kwana da tashi lafiyarta ƙalau ba ta zo ba. Haushinsa yana cinta har cikin ƙashi, kewarsa kuma ba ta taɓa kama ta kamar yau ba.

“Da sauƙi, 'yata,” ta ce. “Yau ta yi sauƙi.”

Ta miƙa hannu Tahira ta tashe ta, ta dafa kafaɗarta. Ta shiga zauren ƙanenta a hankali, tana ɗingisa ƙafar da ba ta taɓa yi mata ciwo ba.